Kwanakin da ke Tsakanin Ƙwai da Mahaifa: Yadda Tambayar Farkon Rai ta Iso Ƙasar Katsina

Hanyar da ta fita daga birnin Katsina ta nufi Batsari, kafin ta yi nisa, tana ratsawa ta Babbar Ruga. Mafi yawan masu wucewa sun san wurin ne a matsayin asibiti, kaɗan ne ke tuna yadda aka yi ya zama haka. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare a can, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Kafin lokacin Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Kuturta ce ta buɗe ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa. Tun daga ranar, Kiristanci a wannan yanki ya shigo ne riƙe da kwalbar magani, kuma har yau tambayoyinsa masu wuya a ɗakin asibiti suke tasowa.

Yamma da Babbar Ruga, a ƙasar Batsari da Safana, a garuruwa irin su Karare, Ruma, Wagini da Runka, Kiristoci 'yan tsiraru ne: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗan kasuwa, jami'in tsaro. Cibiyar Hausawa Kiristoci tana can kudu, wajen Malumfashi da Kafur da Bakori, inda 'ya'yan Maguzawa suka cika majami'un ECWA da Katolika da Angalika. Amma ko mace ɗaya ce ta zauna gaban ungozoma ta ce, “Wannan allurar, hana ciki shiga take yi ko kashe wanda ya shiga?”, ta cancanci amsa ta gaskiya. Ungozomar kuwa, wadda galibi Musulma ce, ba za ta gane nauyin tambayar ba sai ta san daga inda ta taso. Tambayar tana da tarihi, da shekarun da za a iya ƙirgawa, kuma ta fi ƙuruciya bisa yadda masu yin ta ke zato.

Kafin zuwan mishan da asibitin Turawa, ƙasar Hausa tana da nata lissafin na ciki. Mace ta yi ɓatan wata, a jira. Ciki ya motsa, a tabbatar. Malamai suna karantar da hadisin nan na Ibn Mas'ud mai matakai uku na kwana arba'in arba'in, wanda daga gare shi akasarin malamai suka fahimci cewa ana busa rai bayan kwana 120. Duk da haka mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tamu a nan, ta fi sauran tsanani a farkon ciki: mashhurin zancenta shi ne da zarar mahaifa ta karɓi maniyyi ba ya halatta a fitar da shi, ko da kuwa ba a cika arba'in ɗin farko ba, alhali ta yarda da azalu idan matar ta amince. Akwai kuma kwantaccen ciki, wanda ake cewa yana iya yin shekaru bai tashi ba. Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce kurum. Yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta dogara da su ranar 25 ga Satumba 2003, da ta wanke Amina Lawal daga hukuncin jifa da wata kotu ta yanke mata a Bakori.

Abin da ya fi damun iyayenmu shi ne kwanika da rurrutsa, wato mace ta ɗauki ciki tana goyo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, ta yi bayanin yadda mai shayarwa ke ƙaurace wa miji har ta yaye, kimanin shekara biyu, don tsoron kada yaron ya lalace. Wankan jego a gidan iyaye, da kunyar a ce wance ta yi kwanika, da samuwar kishiya a wasu gidajen, su ne suka tallafi wannan tazara. Sai mishan ta zo da sharaɗin mace ɗaya. Magidancin da aka yi wa baftisma ba shi da ɗakin da zai koma, matar kuma an koya mata cewa gidan miji ne wurinta. Ɗaya daga cikin ginshiƙan tsohuwar tazarar ya gushe ke nan, ba tare da an kafa wani a gurbinsa ba. A ganina wannan ne ya sa batun maganin tazara ya matsi gidan Bahaushe Kirista tun kafin ya zama zancen gwamnati.

To, me Ikilisiya ta gada game da farkon rai? A nan sai an yi adalci ga ɓangarori biyu. Tun ƙarni na farko ko na biyu, littafin koyarwa da ake kira Didake ya haramta zubar da ciki, kuma babu wani zamani da Ikilisiya ta ce halal ne. Amma haramta abu daban, kiransa kisan kai daban. Asalin rarrabewar yana cikin fassara. A Littafin Fitowa 21:22-23 akwai hukuncin mazan da ke faɗa suka bugi mai ciki. Nassin Ibrananci ya rataya hukuncin a kan ko wata cuta ta biyo baya: idan babu, tara, idan akwai, rai a bakin rai. Yahudawan Iskandariya da suka juya littafin zuwa Girkanci, wajen ƙarni na uku kafin Almasihu, sai suka rataya shi a kan tayin da kansa: in bai siffatu ba tara, in ya siffatu rai. Wannan fassarar ce Kiristocin farko suka karanta. Ta kuma dace da ra'ayin Aristotal, wanda ya ce tayin namiji yana fara motsi wajen kwana 40, na mace wajen kwana 90.

Ba kowa ya bi ba. Tatuliyan na Kartaj ya ce rai yana tafe tare da iri tun farko, Basil na Kaisariya kuma a 374 ya ce shi bai damu da wannan rarrabewa ta siffatacce da marar siffa ba. Sai dai manyan da suka gina tunanin Yammacin Turai sun karkata ɗaya gefen. Agustin, ɗan Arewacin Afirka da ya rasu a 430, ya la'anci duk wani yunƙuri na hana haihuwa, amma bai yarda a kira zubar da tayin da bai siffatu ba kisan kai. Kundin dokokin Garatiyan na wajen 1140 ya mayar da wannan doka. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar da cewa tayi yana fara rayuwa ne irin ta tsiro, sannan irin ta dabba, sai daga baya Allah ya sa masa ran ɗan Adam. (Akwinas ɗan ƙungiyar Dominikan ne, ƙungiyar da limamanta daga Amurka suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, suka yi aikin mishan a Gusau da Funtuwa da Malumfashi.) A 1588 Paparoma Siktus na Biyar ya yi ƙoƙarin share bambancin, ya ɗora hukuncin kisan kai a kan zubar da ciki na kowane mataki har da shan maganin hana ɗauka. Shekara uku kacal dokar ta yi, Giregori na Goma sha Huɗu ya janye ta a 1591. Malamin Katsina na wancan ƙarni, da zai zauna da limamin Roma, da sun sami abin tattaunawa: dukansu suna ƙirga kwana arba'in, dukansu suna cewa siffa tana gaba da rai.

Madubin likita ne ya canza maganar. A 1677 Antoni fan Lewenhuk na Holan ya ga ƙwayoyin maniyyi suna iyo. A 1827 Karl fon Baya ya gano ƙwan mace a jikin karya. Sai a 1876 Oska Hatwig ya wallafa abin da ya gani a wata halittar teku: ƙwayar namiji guda tana shiga ƙwai, cibiyoyinsu biyu su zama ɗaya. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1869, Paparoma Fiyus na Tara ya fitar da jerin laifuffukan da ke jawo kora daga Ikilisiya, bai kuma ambaci siffatacce ko marar siffa ba. Daga nan tsohon bambancin ya fita daga doka. Abin lura shi ne, jumlar da ake maimaitawa a wa'azi yau, cewa rai yana farawa ne a daidai lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi, ba wanda zai iya furta ta da wannan ma'ana kafin a san akwai ƙwai, akwai haɗuwa. Ayoyin da ake kafa hujja da su, Zabura 139 da Irmiya 1:5 da labarin motsin Yohanna a cikin Alisabatu a Luka 1, suna nuna Allah ya san na cikin ciki kuma yana kula da shi. Ba su ambaci rana ba. Ranar daga ɗakin gwaje-gwaje ta fito, masu tauhidi suka ɗauka suka yi aiki da ita. Wannan ba ya rushe aƙidar, don ana iya gina aƙida ta gaskiya a kan sabon sani, amma yana rage wa mai ita damar cewa haka aka yi ta faɗa tun fil'azal.

Har zuwa farkon ƙarni na ashirin, Katolika da Furotesta bakinsu ɗaya a kan hana ɗaukar ciki: zunubi ne, kuma labarin Onan a Farawa 38 shi ne abin nuni. Shekarar 1930 ta raba su. A taron Lambet na bishop-bishop ɗin Angalika, wanda shekara goma kafin nan ya yi tir da abin, aka kaɗa ƙuri'a 193 da 67 cewa ma'aurata masu ƙwaƙƙwaran dalili suna iya amfani da wata hanya bayan ƙauracewa. Ranar 31 ga Disamba na shekarar Paparoma Fiyus na Goma sha Ɗaya ya mayar da martani da wasiƙar Casti Connubii, ya ce a'a. Shekara biyu bayan haka, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, aikin da Likita Walta Mila na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru. Wato Bahaushe ya karɓi littafin a harshensa daidai lokacin da waɗanda suka kawo masa shi suka fara saɓani a kan abin da ya ce game da shimfiɗar aure.

Roma ta ɗan sassauta ta wata fuska. Bayan da Ogino na Japan da Kinaus na Ostiriya suka gano lokacin da mace ke sakin ƙwai, Fiyus na Goma sha Biyu ya gaya wa ungozomomin Italiya a 1951 cewa ƙirgen kwanaki ya halatta in da dalili. Da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta sami izini a Amurka a 1960, ɗaya daga cikin waɗanda suka samar da ita, Likita Jon Rok, Bakatolike ne mai zuwa coci, kuma ya yi imani Roma za ta karɓe ta tun da kwaikwayon jikin mace take yi. Kwamitin da Paparoma ya kafa a 1963 ma rinjayensa ya ba da shawarar a sassauta. Amma ranar 25 ga Yuli 1968 Bulus na Shida ya fitar da Humanae Vitae, ya tsaya a kan tsohon matsayi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu wa'azi. Hujjar Humanae Vitae ba a kan farkon rai ta ginu ba. Cewa ta yi saduwar aure tana da ma'ana biyu da Allah ya ɗaure tare, ƙauna da haihuwa, kuma ɗan Adam ba shi da ikon kwance su. Shi ya sa kwaroron roba ma bai tsira ba, alhali babu wani tayi a zancensa. Game da ran kuwa, sanarwar da Fadar Batikan ta fitar a 1974 a kan zubar da ciki ta faɗa a fili, a wani ɗan bayani na ƙasan shafi, cewa ta bar batun lokacin da rai ke shiga a buɗe, domin magabata ba su haɗu a kai ba. Abin da ta ce shi ne ko da akwai shakka, ba a caca da abin da zai iya zama mutum. Saboda haka ga Bakatolikar Malumfashi mai bin koyarwar cocinta sau da ƙafa, tambayar yadda allura ke aiki ba ta ma taso ba. Hanyarta ita ce lura da jiki, irin wadda Jon da Ebelin Bilins suka tsara a Ostireliya, wadda Sista Leoni Makswini, likita 'yar Ayalan, ta yaɗa a Nijeriya daga Ibadan tun shekarun 1970. Dayosis ɗin Katsina da aka yanko daga Sakkwato a Oktoba 2023, wanda Bishop Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi ke jagoranta, wannan koyarwar ya gada.

Wanda tambayar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne ɗan ECWA, da ɗan Baftis, da ɗan Angalika, da mabiyin sababbin majami'u, domin su an halatta musu tazara, an kuma haramta musu zubarwa, an bar su su gano inda iyakar take. Iyakar kuwa wasu 'yan kwanaki ne. Ƙwai yana haɗuwa da maniyyi a cikin bututun da ke gefen mahaifa, sannan ya gangaro yana rarrabuwa, ya kama bangon mahaifa bayan kwana 6 zuwa 10. Kafin ya kama, babu gwajin fitsari ko na jini da zai nuna akwai shi. A 1965 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ayyana cewa ciki yana farawa ne daga kamawar. Likitoci suna da dalilinsu, tun da daga nan ne jikin uwa ke sanin an yi baƙo. Masu suka kuma suna da nasu, don ayyanawar ta zo daidai lokacin da robar mahaifa ta Jak Lifis ke yaɗuwa, ana kuma zaton hana kamawa take yi. Sakamakon shi ne kalma ɗaya ta zama mai ma'ana biyu. Likita zai ce wannan maganin ba ya zubar da ciki, ya faɗi gaskiya bisa ma'anarsa. Fasto zai ce yana iya kashe rai, shi ma bisa tasa ma'anar ba lallai ƙarya yake ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Su kansu masu bishara na Amurka, iyayen gidan SIM wadda ta haifi ECWA a 1954, ba su daɗe da wannan tsanani ba. A 1968 mujallar Christianity Today da ƙungiyar likitoci Kiristoci suka yi taro, suka amince da hana ɗaukar ciki, suka kasa haɗuwa a kan matsayin tayi. A 1971 babban taron Baftis na Kudancin Amurka ya nemi a halatta zubar da ciki a wasu yanayi, kamar fyaɗe. Guguwar ta juya ne a ƙarshen shekarun 1970, musamman bayan fina-finan Faransis Shefa da Likita Eberet Kup na 1979. Zuwa 1997 wani tsohon fasto mai suna Randi Alkon ya wallafa ɗan littafi yana cewa ƙwayar da matan coci ke sha kullum tana iya zubar da ciki ba su sani ba. A 2014 maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, inda masu kamfanin Hobby Lobby suka yi nasarar ƙin biya wa ma'aikatansu hanyoyi huɗu, ƙwayoyin gaggawa biyu da robar mahaifa iri biyu. Abin da ke isowa wayar matar Zumunta a Funtuwa ta WhatsApp, sau da yawa ɓurɓushin wannan rigima ce, an cire mata shekara da mahalli.

A Nijeriya kuwa an daɗe ana faɗan a wani fage dabam. Manufar yawan jama'a ta 1988, zamanin Janar Babangida da ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti, ta sa burin 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Bishop-bishop ɗin Katolika da malaman Musulunci suka haɗu a kan ƙin ta, abin da ba kasafai suke yi ba. “Ƙayyade iyali” ta zama kalmar da ba a so a ji, sai da ma'aikatan lafiya suka koma cewa “tazarar haihuwa”, wadda kowace kaka ta san ta, kafin aka fara saurarensu. Zargin da ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cewa an sa masa maganin hana haihuwa, daga wannan rijiya ya sha ruwa. Duk wannan hayaniya a kan niyyar Turawa da yawan al'umma take. Tambayar matar da ke son tazara, amma tana tsoron ɗaukar alhakin rai, ba ta sami mai amsa ta ba.

Alhali ita ce tambayar da bincike ya fi iya taimakawa a kai, tun da rabinta ba tauhidi ba ne. Kwaroron roba, da azalu, da ɗaurin mahaifa, da ƙirgen kwanaki, duk kafin haɗuwa suke aiki. Haka shayarwa zalla: masana da suka taru a Belajiyo ta Italiya a 1988 sun tabbatar cewa mai ba da nono kaɗai, wadda al'adarta ba ta dawo ba, jaririnta bai kai wata shida ba, tana da kariya ta kusan kashi 98 cikin 100. Allurar wata uku da ashanar fata ta Implanon suna hana sakin ƙwai kusan gaba ɗaya, in kuwa babu ƙwai babu abin da za a hana kamawa. Haɗaɗɗiyar ƙwaya ta kullum ma haka take in ana shan ta a kan lokaci. Gaskiya ne tana sirantar da bangon mahaifa, kuma a nan Alkon ya kafa hujjarsa, amma ba a nuna cewa hakan na zubar da ƙwan da ya haɗu ba, matan da suka yi fashin sha kuwa suna ɗaukar ciki lafiya lau. Ashanar Jadelle mai shekara biyar da tsohuwar ƙwayar masu shayarwa ba sa hana sakin ƙwai a kowane wata, sun fi dogara ga kaurara ruwan bakin mahaifa don maniyyi ya kasa wucewa. Mai tsananin taka-tsantsan yana da damar sanin wannan bambanci.

Ƙwayar gaggawa irin Postinor-2, wadda ta fi kowace shan zargi, ita ce binciken ya fi wankewa. Nazarce-nazarcen da aka yi a Ostireliya da Chile sun nuna cewa idan aka sha ta kafin sakin ƙwai tana jinkirta shi, idan kuwa an riga an saki, ciki yana shiga kamar ba a sha komai ba. A Disamba 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta goge zancen hana kamawa daga takardar irin wannan ƙwaya, bayan ya yi shekaru yana ba masu wa'azi hujja. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ce ta rage da 'yar ƙura. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 1987 ya nuna babban aikinta shi ne kashe kuzarin maniyyi kafin ya kai ga ƙwai. Amma idan aka sa ta a matsayin agajin gaggawa bayan saduwa, tana iya hana kamawa, kuma ma'aikacin lafiyar da ya ɓoye wa mai tambaya wannan bai yi mata adalci ba.

Akwai abu biyu da ke wahalar da masu cewa mutum cikakke ne tun daga sa'ar farko, kuma masu gaskiya a cikinsu ba sa musun su. Na farko, yawan asarar da jiki ke yi da kansa. Binciken Alan Wilkos na 1988, a kan mata 221 a Amurka, ya gano kashi 31 cikin 100 na cikin da ya riga ya kama yana lalacewa, akasari kafin matar ta san da shi. Na biyu, tagwaye: har wajen kwana 14 ƙwai ɗaya yana iya rabewa ya zama Hassan da Husaini. Wani limamin Katolika ɗan Ostireliya, Noman Fod, ya rubuta littafi a 1988 yana cewa abin da zai iya zama biyu bai zama “wani” ba tukuna. Masu mayar masa da martani suka ce yawan mutuwar jarirai a dā bai taɓa mai da jariri ba mutum ba, kuma reshen da aka dasa ya zama bishiya ta biyu bai hana ta farko zama bishiya ba. Ni dai ban ga wanda ya kayar da wani ba. Abin da na gani shi ne an bar matar da ke goyon na wata bakwai ta warware abin da Agustin ya ce ya fi ƙarfinsa.

Kuma ba a sarari take warware shi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Katsina tana haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaici, mafi yawa a Nijeriya, inda na ƙasa baki ɗaya yake 5.3. A lokacin, matan aure masu amfani da hanyoyin zamani a jihar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Binciken ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000 a faɗin ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin neman wani ciki, kusan daidai da lissafin Baba ta Karo. Dokar laifuffuka ta Arewa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Wato a ɗaya gefen ma'aunin ma rai ne, na uwa da na wanda ke bayanta.

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocinta, amma kyauta sai an iya zuwa a karɓa. A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka tashi garuruwa suka kori ma'aikatan lafiya daga ƙananan asibitoci, hanyar da ke buƙatar komawa kowane wata ba ta da tabbas. Ƙirgen kwanaki yana son natsuwa da mai koyarwa da mijin da ke gida a kan tsari, abubuwan da mai gudun hijira a makarantar firamare ta Batsari ba ta da su. Ƙwayar kullum tana yankewa. Abin da ya rage mai ɗorewa shi ne allura, wadda yanzu akwai irin Sayana Press da mace ke iya yi wa kanta a gida, da ashanar fata, da robar mahaifa. Biyun farko suna cikin waɗanda suka fi hana sakin ƙwai, ta ukun ce mai ƙurar. A makarantar ungozoma ta Malumfashi da sauran irinta ana koyar da yadda kowace ke aiki, amma a ɗakin awo hirar takan tsaya ne a kan zubar jini da ƙiba da yaushe za a dawo. Wacce ce ke hana ƙwai fita, wacce ce ke tare maniyyi, wacce ce ke iya taɓa abin da ya riga ya haɗu, bayani ne da bai fi minti biyu ba, kuma ba kasafai ake yin sa ba sai matar ta san yadda za ta tambaya.